Baiwa, Horo da Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi kan Koyon Zane Mai Motsi a Jami'a

Duk ajin da ake koyar da zane mai motsi na kwamfuta, wanda aka fi sani da katun, kafin a yi wata guda ya rabu gida biyu: waɗanda hannunsu ya faɗa da wuri, da waɗanda har yanzu suke laluben inda za su danna. Daga nan sai surutu ya tashi, wane mai baiwa ne, wane kuwa ɓatan kai ya yi ya shigo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin ɗalibai, da iyaye masu biyan kuɗin makaranta, da malaman da aka haɗa musu gwani da ɗan koyo a aji ɗaya.

Shin sai mai baiwa ne ke iya koyon wannan fanni?

Akwai baiwa, kuma wanda ya ce babu bai taɓa tsayawa a bayan ɗalibai suna aiki ba. Za ka ba mutum biyu aiki iri ɗaya, wannan ya gama kafin la'asar, wancan ya kwashe sati yana fama. Sai dai aikin katun ba abu ɗaya yake nema ba. Yana neman hannu mai zane, da ido mai lura da yadda abu ke motsi, da ƙwaƙwalwar da ke iya juya siffa ta hango bayanta, da ɗan lissafi, da sabo da kwamfuta, sannan da haƙurin zama a yi ta gyara motsin daƙiƙa 3 har sai ya zauna. Da wuya ka samu ɗalibin da ya zo da duka, kuma da wuya ka samu wanda ya zo hannu rabbana.

Ƙarfin da ɗalibi ya shigo da shi yana nuna inda zai fara tuntuɓe, da kuma saurinsa a zangon farko. Inda zai kai a shekarar ƙarshe kuwa, wasu abubuwa ne ke da babban rabo a ciki: yawan zaman da ya yi, wanda ke duba masa aiki ya gaya masa gaskiya, da ko ya samu na'urar da zai zauna a gabanta.

Ban iya zane ba. In haƙura ke nan?

Ya danganta da ɓangaren da kake so. Idan katun na hannu ne, wanda ake zana kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, babu makawa sai ka koyi zane, kuma makarantun da suka yi suna a wannan fanni, irin su CalArts a Amurka, Sheridan a Kanada da Gobelins a birnin Paris, sai sun ga kundin zane-zanenka kafin su ɗauke ka. Idan kuwa na 3D ne, inda ake ƙera siffa a cikin kwamfuta a saka mata ƙashi a riƙa motsa ta, mutane da yawa sun yi nisa a ciki da zanen da bai wuce na sanda-sanda ba.

Ed Catmull ya taso yana burin zama mai zanen katun a kamfanin Disney. Da ya auna zanensa ya ga bai kai ba, sai ya karanci kimiyyar fiziks da ta kwamfuta a Jami'ar Utah. A 1972, shi da abokin karatunsa Fred Parke suka ƙera siffar hannunsa na hagu a kwamfuta, suka sa yatsun suna buɗewa suna rufewa. Catmull ne daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa Pixar, kamfanin da a 1995 ya fitar da dogon fim na farko da aka yi gaba ɗayansa da kwamfuta.

Amma kada a ɗauki labarin nan a matsayin lasisin ƙin riƙe fensir. Catmull injiniya ya zama, kuma da masu zane ya yi aiki. Ko a 3D, wanda zai iya zana tsayuwar mutum a takarda cikin minti ɗaya ya fi wanda sai ya kunna kwamfuta zai gwada ra'ayinsa saurin ci gaba. Zanen da ake nema a nan ba na ado ba ne. A gane inda nauyin jiki ya sauka da inda kafaɗa ta karkata, ya wadatar.

To wace ƙwarewa ce ta fi raba ɗalibai a makonnin farko?

Iya juya abu a zuci. Allon kwamfuta shimfiɗaɗɗe ne, amma abin da ke cikinsa yana da tsawo da faɗi da zurfi. Ga abin da ke faruwa a kusan kowane aji: an ce ɗalibi ya ɗora kofi a kan tebur. Ya ja kofin, ya duba daga gaba, ya ga ya zauna daram. Malami ya zo ya juya kyamara zuwa gefe, sai ga kofin yana shawagi can bayan teburin, bai ko kusa da shi ba. Wani ɗalibin da kansa yake jin cewa kallo daga gefe ɗaya bai isa ba. Wani kuwa sai an nuna masa sau da yawa, kuma duk lokacin da kyamara ta juya sai kansa ya juya tare da ita, ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna wannan. A 1971, Roger Shepard da Jacqueline Metzler sun riƙa nuna wa mutane hotunan siffofi biyu da aka haɗa da ƙananan akwatuna, suna tambaya ko siffa ɗaya ce aka juya. Sun gano cewa iya girman juyin, iya tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya amsa, wato da gaske mutum yana juya abin ne a cikin kansa. Kuma mutane sun sha bamban sosai a sauri da daidaito.

Idan nawa ƙarfin juya abu a zuci bai da yawa, akwai magani?

Akwai, kuma wannan yana cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatarwa a duk maganar nan. A Jami'ar Fasaha ta Michigan, Sheryl Sorby, injiniya ce wadda ita kanta ta sha wahala da zanen injiniyanci a shekararta ta farko, ta fara wani ɗan kwas a 1993 domin sababbin ɗaliban da suka faɗi gwajin juya siffa. Waɗanda suka yi kwas ɗin makinsu ya tashi a gwajin, kuma sun fi takwarorinsu tsayawa su ƙarasa karatun injiniya. A 2013 David Uttal da abokan aikinsa suka tattara bincike 217 kan horar da irin wannan ƙwarewa, suka ga horon yana aiki, yana daɗewa, kuma yana tsallakawa zuwa ayyukan da ba a horar da mutum a kansu kai tsaye ba.

Horon ma ba na kuɗi ba ne. Ɗauki kujera 'yar tsugunne ko buta, ka zana ta daga gaba, daga gefe, daga sama. Sannan ka ɓoye ta, ka zana yadda za ta fito idan an kwantar da ita. Warware kwalin sabulu ka shimfiɗa shi, ka yi hasashen wane gefe ne zai haɗu da wane kafin ka mayar. Idan akwai yumɓu, ka gina abin da hannu kafin ka gina shi a kwamfuta. A manhajar Blender kuma, wadda ake aikin 3D da ita, ka saba wa yatsunka da lambobi 1 da 3 da 7 na gefen allon madannai, waɗanda ke nuna maka gaba da gefe da sama. Kada ka yarda da wurin da ka ajiye abu sai ka duba shi ta fuska biyu.

Lissafi fa? Ni da ƙyar na samu kiredit.

Mai motsa siffa ba ya warware lissafi a takarda, amma yana karanta zanen lanƙwasa kullum: layin da ke nuna yadda abu ke ƙara gudu ko rage shi a kan lokaci. Idan ka gane cewa layi mai tsayuwa yana nufin sauri, mai kwanciya yana nufin tsayawa, ka samu rabin abin da kake buƙata. Waɗannan layuka suna ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da su wajen tsara jikin mota.

Inda lissafi ke cizo shi ne ɓangaren fasaha: saka wa siffa ƙashi da gaɓoɓi, kwaikwayon ruwa da hayaƙi da yadi, rubuta ƙananan umarni da harshen Python don sauƙaƙa aiki. A nan sai da bekta da matiris da tirigonometiri. Shi ya sa wasu jami'o'i, kamar Bournemouth a Ingila wadda ta kafa cibiyarta ta katun na kwamfuta a 1989, suke haɗa zane da lissafi da rubuta manhaja a kwas ɗaya. Ka duba jadawalin kwas ɗin da kake nema tun kafin ka cike fom. Wanda ke ƙarƙashin sashen kimiyyar kwamfuta daban, wanda ke ƙarƙashin sashen zane ko na fim daban, ko da sunansu ya yi kama.

Akwai wanda ya fi kowa iya zane a ajinmu, amma katun ɗinsa ba ya da rai. Me ya jawo?

Zane yana kama abu a tsaye, katun kuwa aikin lokaci ne, kuma idon da ke ganin wannan ba lalle ne ya ga wancan ba. Fim yana nuna hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kowane ɗaya ana ce masa firem. Gwanintar mai katun tana cikin yanke firem nawa abu zai ɗauka, da tazarar da zai yi daga wannan firem zuwa na gaba.

Shi ya sa aikin farko da kusan kowace makaranta ke bayarwa shi ne ƙwallo mai tsalle, kuma shi ne ke fara tona asiri. Ɗalibi ya ce wa kwamfuta ƙwallo tana sama a firem na 1, tana ƙasa a firem na 12. Kwamfuta ta cike tsakanin da kanta, kuma bisa al'adarta sai ta sassauta farkon motsi da ƙarshensa. Sakamakon shi ne ƙwallo ta rage gudu dab da ƙasa, ta sauka a hankali ba nauyi, ta sake tashi. A duniya ba haka take ba. Abin da aka saki yana faɗuwa kimanin mita 1.2 a rabin daƙiƙar farko, amma kafin daƙiƙa ta cika ya kai kimanin mita 4.9. Gudu ƙaruwa yake har zuwa bugun ƙasa. Don haka a sama hotunan ƙwallon za su cunkushe kusa da juna, a ƙasa su yi nisa da juna, sannan a wurin bugu layin ya karye kaifi ɗaya, ba lanƙwasa. Kowane tsalle kuma ya gaza na bayansa tsawo da lokaci.

Mai iya zane sau da yawa yakan ɓata dare yana yi wa ƙwallon fenti da haske da inuwa, alhali matsalar tana cikin firem biyu da ya kamata ya cire. Wani kuwa da ba ya iya zana da'ira madaidaiciya, amma ya taso yana buga ƙwallo ko yana kaɗa ganga, da kallo ɗaya zai ce maka "wannan ta yi sanyi a ƙasa." Idan malami ya ce a mayar da ƙwallon ta ƙarfe, sannan a mayar da ita balan-balan, ba tare da an canza siffarta ko launinta ba, a nan ne jerin gwanayen aji yakan sake.

Ana koyon wannan idon, ko da shi ake haihuwar mutum?

Ana koyonsa, ta hanyar kallon abin da mutum ya saba wucewa bai duba ba. Ka tsaya ka kalli mace tana daka. Kafin taɓarya ta tashi, sai jikin ya ɗan yi ƙasa, gwiwa ta lanƙwashe. Taɓarya ta hau, ta ɗan dakata a can sama, sannan ta faɗo da saurin da ido ba ya iya bi. Bayan ta daki turmi, kafaɗa da bakin mayafi ba sa tsayawa tare da ita, sai sun ɗan ci gaba sannan su dawo. A cikin bugu ɗaya ka ga shiri kafin motsi, da sassautawa a ƙarshen hawa, da biyo-bayan abin da ke rataye. Waɗannan suna cikin ƙa'idoji 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin masu zanen Disney, suka rubuta a littafinsu na 1981, kuma har yau da su ake koyarwa.

Yau ma abin ya zo da sauƙi. Ɗauki bidiyo da wayarka, ka bi shi firem bayan firem. Ka ɗauki dattijo mai babbar riga yana tashi daga tabarma, ka ƙirga firem nawa ya yi yana dafa gwiwa kafin ya miƙe. Sannan ka tashi ka yi motsin da jikinka. Ɗalibin da kunya ta hana shi kwaikwayon abin da zai motsa a gaban kyamara yana tauye kansa fiye da wanda bai iya zane ba.

Wasu sun zo sun riga sun san kwamfuta, ni kuwa sai a jarrabawar JAMB na fara taɓa ta. Zan iya kamo su?

Za ka iya, amma zangon farko zai yi maka nauyi, kuma gara ka san dalili don kada ka ɗauka kanka ne ba ya ja. John Sweller, masani a Ostareliya, ya yi bayani tun 1988 cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. Wanda ya saba da kwamfuta, hannunsa ne ke adana fayil da juya kyamara, hankalinsa yana kan motsi. Kai kuwa hankalinka ya rabu uku: ina maɓallin yake, me kalmar Turancin nan take nufi, me malam ya ce a yi. Kafin ka gano na farko an wuce na uku.

Wannan giɓi na sabo ne, kuma yana cikewa da sauri fiye da sauran. Ka ware lokaci daban na koyon manhajar kawai, ba tare da neman yin abu mai kyau ba. Ka rubuta gajerun hanyoyin madannai guda goma a takarda ka manna a gefen allo. Ka tsaya a manhaja ɗaya. Masu tsalle daga Blender zuwa Maya zuwa wata, don sun ji an ce waccan ta fi, su ne ke daɗewa a matakin lalube.

Abin takaicin shi ne malamai da yawa suna kallon wannan giɓi su kira shi rashin baiwa, ɗalibin ma ya yarda.

Ni malami ne. Yaya zan yi da aji mai gwanaye da 'yan koyo a haɗe?

Koyarwa iri ɗaya ga kowa tana cutar da ɓangare ɗaya ko ta yaya. Sweller da Slava Kalyuga da abokan aikinsu sun nuna a 2003 cewa bayani dalla-dalla, mataki bayan mataki, wanda ke taimakon sabon shiga, yana zama cikas ga wanda ya riga ya iya. Sabon shiga yana buƙatar a ba shi aikin da aka gama ya warware ya ga yadda aka yi. Gwani yana buƙatar a ba shi matsala a ƙyale shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce aiki ɗaya mai hawa-hawa. Kowa ya yi ƙwallo. Wanda tasa ta zauna ya ɗaura mata wutsiya. Wanda wutsiyarsa ta bi daidai ya sa ƙwallon ta ji tsoron rami kafin ta tsallaka. Kada kowa ya hau mataki na gaba sai na ƙasa ya zauna, wanda shi ne tsarin da masanin harkar koyarwa Benjamin Bloom ya yi ta kira a kai tun 1968. Ka raba wa ɗalibai siffar da aka riga aka saka wa ƙashi a darasin motsi, don kada wanda bai iya ƙera siffa ba ya rasa damar nuna cewa ya iya motsa ta.

Sai aikin rukuni, wanda a ganina shi ne babbar maɓoyar rauni. Gwani ya zauna a gaban kwamfuta, sauran su sayo masa ruwa da data, kowa ya samu maki ɗaya. Idan za a yi shi, a rubuta wa kowa daƙiƙoƙin da ke wuyansa, a kuma sa shi ya buɗe fayil ɗinsa a gaban aji ya yi bayani.

Awa nawa zan riƙa yi kafin in ƙware?

Babu adadi. Maganar awa 10,000 da ta yaɗu ta samo asali ne daga binciken Anders Ericsson na 1993 a kan masu koyon goge na Turawa a Berlin, kuma shi kansa bai yarda da yadda aka mayar da ita doka ba. Abin da ya jaddada shi ne irin atisayen: ka ɗauki abin da ba ka iya ba, ka yi, a nuna maka kuskure, ka sake.

A nan ne ɗalibai masu ƙwazo ke faɗawa tarko. Suna bin darussan YouTube ɗaya bayan ɗaya, mai koyarwa ya danna su danna, a ƙarshe abu mai kyau ya fito su ɗora a Facebook a yi ta yabo. Wanda kullum goya shi ake yi a babur yana ganin ya san hanya, sai ranar da aka miƙa masa tuƙi. Bayan kowane darasi, ka rufe bidiyon ka yi wani abu makamancinsa daga kanka. Idan ka kasa, darasin bai shiga ba tukuna.

Sai da kwamfuta mai tsada?

Don koyon motsi, a'a. Siffa mara fenti tana tafiya a laftof matsakaiciya, kuma za ka iya fitar da bidiyon gwaji kai tsaye daga abin da allo ke nunawa. Manhajar ma akwai ta kyauta: Blender, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya sake ta ga kowa a 2002, da Krita da OpenToonz ga masu zanen hannu. Fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar ta dogon katun a 2025 da Blender aka yi shi.

Inda na'ura ke nuna bambanci shi ne fitar da hoton ƙarshe mai haske da inuwa. Minti ɗaya na fim firem 1,440 ne. Idan kowane firem yana cin minti 2, awa 48 ke nan kwamfuta na aiki ba tsayawa, a garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Ɗalibin da ke da tasa laftof da sola a gida zai gwada sau biyar, wanda ke jiran layi a ɗakin kwamfutar sashe zai gwada sau ɗaya ya miƙa. Idan aka jera aikinsu, sai a ce na farko ya fi hazaƙa. Malamin da ke son auna ƙwarewa ta gaskiya ya ba da maki a kan motsi tun yana toka-toka, kafin a kai ga ƙyalli.

Gaskiya ne maza sun fi mata iya wannan fanni?

A gwajin juya siffa a zuci, matsakaicin makin maza yakan ɗara na mata, wannan an sha samunsa. Amma matsakaici ba ya gaya maka komai a kan ɗalibar da ke gabanka, kuma wannan ƙwarewar ce aka tabbatar tana tashi da horo. A kwas ɗin Sorby, mata na cikin waɗanda suka fi cin riba. Dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya ma mace ce ta yi shi, Lotte Reiniger ta Jamus, a 1926, da almakashi da kwali.

Abin da ya fi danne ɗalibai mata a wurarenmu shi ne lokaci. Idan sai da dare ɗakin kwamfuta ke samun sarari, ko sai dare ake kunna janareto, wadda dole ta koma gida kafin magariba an rage mata awoyin da ake ba abokan karatunta.

Ba na iya ganin hoto a zuciyata idan na rufe ido. Ko kuma ba na bambance wasu launuka. Wannan zai hana ni?

Rashin ganin hoto a zuci yanayi ne sananne, likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman na Jami'ar Exeter ya ba shi suna a 2015. Ed Catmull yana da shi, haka ma Glen Keane, ɗaya daga cikin fitattun masu zanen Disney. Irinsu a takarda suke yin tunaninsu, su zana su gani su gyara. Matsalar launi kuwa, wadda ta fi yawa a maza, tana iya takura wa mai son aikin haske da fenti, amma ba ruwanta da motsi ko saka ƙashi.

Ina da damuwa kan zana abu mai rai. Akwai wurina a fannin?

Malaman addini sun yi maganganu mabambanta a kan wannan, kuma wurin malaminka za ka kai tambayar, ba wurin malamin katun ba. Ta fuskar sana'a dai, akwai aiki mai yawa da ba ya buƙatar siffar mutum ko dabba: nuna gini kafin a gina shi, rubutu da tambari masu motsi na talabijin da talla, bayanin yadda inji ke aiki, taswirar yanayi, darussan kimiyya. Sai dai ka sani yawancin kwasa-kwasan jami'a suna da darasin motsa mutum a cikin na dole, don haka ka bincika tun kafin ka shiga.

Maki mai kyau a jami'a yana nufin na iya?

Ba kullum ba. Inda aka fi auna ɗalibi da jarrabawar takarda, mai hadda zai jero ƙa'idoji 12 ba kuskure ya samu A, alhali bai taɓa sa siffa ta yi taku biyu ba tare da ƙafarta ta zame ba. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni ɗan gajeren bidiyon ayyukanka suke fara kallo, wanda bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. Daƙiƙa 20 masu kyau sun fi minti 5 na cike gurbi.

To me jami'a ke ƙara wa mutum, tun da akwai waɗanda suka koya da kansu?

Akwai su kam. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, makanike ne tun farko. Ya koyi aikin fim a Yamai ta hannun Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya je Kanada ya haɗu da fitaccen mai katun Norman McLaren, kuma tun shekarun 1960 yake yin gajerun katun, ciki har da na kwaɗi masu shaguɓe ga shugabanni. Ana lissafa shi cikin magabatan katun a Afirka. Amma ka lura ko shi sai da ya samu waɗanda suka fi shi sani suka duba aikinsa.

Abin da jami'a mai kyau ke bayarwa ke nan: mai gyara, da wa'adin miƙa aiki, da abokan da za ka ga kuskurensu ka gane naka, da darussan da mutum ba zai zaɓa wa kansa ba, kamar zanen jikin mutum da tarihin fim. A Najeriya galibi ana samun katun ne a matsayin darasi a cikin wani kwas, a sashen zane da ƙira irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko makarantar fim irin ta Jos, ko sashen kwamfuta. Kafin ka zaɓa, ka nemi ganin ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe, ka tambayi kwamfuta nawa ke aiki a ɗakin, ba nawa aka jera ba.

Yaushe zan gane cewa wannan ba fannina ba ne?

Ba a zangon farko ba, domin a lokacin ba a rabe tsakanin rashin sabo da rashin iyawa. Ka ba kanka shekara guda ta aiki na gaske, wanda wani ke dubawa. Sannan ka ɗauko aikinka na watan farko ka ajiye kusa da na yanzu. Idan kana ganin kurakuran da a da ba ka gani, idonka yana girma ko da hannu bai kamo shi ba tukuna, kuma hannu yakan biyo baya. Idan kuwa an nuna maka ƙwallo mai nauyi da mara nauyi har yanzu duk ɗaya suke a wurinka, kuma zaman gyaran firem yana ƙona maka rai, to wataƙila motsa siffa ba naka ba ne.

Wannan ba ya nufin barin kwas ɗin. Fim ɗin katun hannu da yawa ke yin sa. Mai son lissafi ya koma saka ƙashi da rubuta kayan aiki, kuma irinsu sun yi ƙaranci a ko'ina. Mai idon hoto ya koma haske da kyamara. Mai iya ba da labari ya koma tsara fage a takarda kafin a fara. Mai kunne ya koma sauti da haɗa fim. Mai iya tsara mutane da lokaci ya riƙe jadawalin aiki. Ka je wurin malamin da ya fi ganin ayyukanka, ka tambaye shi a wane mataki na aikin ne ya ga ka fi sakin jiki, sannan ka zaɓi darussan shekara ta uku da aikin kammalawa a kan amsar da ya ba ka.